Daji Ba Ya Zanga-zanga: Yadda Jihohin Amurka Ke Nema wa Gandayen Daji Kuɗi Mai Ɗorewa

A watan Mayun 2011 hukumar kula da gandayen daji ta jihar Kalifoniya ta fitar da jerin sunaye 70. Wurare ne da ta ce za ta garƙame kafin tsakiyar 2012, daga cikin 278 da ke hannunta, domin ta rage kashe dala miliyan 22 a shekara. A cikinsu akwai dazuzzuka masu itatuwan da suka haura shekara dubu a tsaye, akwai bakin teku, akwai tsofaffin gine-ginen tarihi. Wannan fa jiha ce da tattalin arzikinta ya fi na yawancin ƙasashen duniya girma. Jama'a suka tashi tsaye. Ƙungiyoyin sa kai suka shiga tara gudummawa, ƙananan hukumomi suka karɓi riƙon wasu wuraren, masu hannu da shuni suka ba da abin da suka iya, hukumar gandun daji ta tarayya ta ɗauki nauyin guda uku. Da haka aka ceto kusan dukkansu.

Ana cikin wannan, a watan Yulin 2012, jaridar Sacramento Bee ta bankaɗo cewa hukumar tana zaune a kan kimanin dala miliyan 54 da ba ta sanar da ma'aikatar kuɗi ta jihar ba, wasu tun shekaru fiye da goma. Shugabar hukumar, Ruth Coleman, ta yi murabus, ta ce ba ta san da kuɗin ba amma ta ɗauki alhakin. Binciken ofishin babban lauyan jihar ya nuna cewa wajen dala miliyan 20 daga ciki da gangan wasu jami'ai suka ɓoye. Ba sace kuɗin suka yi ba, yana nan a asusu. Daga cikin dalilan da aka gano akwai fargabar cewa idan ma'aikatar kuɗi ta ga rarar, za ta zaftare musu kason shekara mai zuwa.

Na fara da wannan labari ne saboda matsalar gaba ɗayanta tana cikinsa. Hukumar da ba ta da tabbacin abin da za ta samu baɗi takan koyi ɓoye-ɓoye. Jama'ar da aka roƙa suka ba da gumin goshinsu kuwa, ranar da suka gano an ɓoye musu, sun daɗe ba su sake buɗe aljihu ba. Kuɗi mai ɗorewa da amana mai ɗorewa igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Abin da Amurkawa ke nufi da gandun jiha ya fi abin da muke kira gandun daji faɗi. Ya haɗa da daji, da tafki, da rairayin bakin teku, da kogo, da filin da aka gwabza wani tsohon yaƙi, duk wurin da gwamnatin jiha ta keɓe ta ce na kowa ne. Sun bambanta da manyan gandayen tarayya irin su Yellowstone da duniya ta fi sani. Na jihohin su ne na kusa da gida, inda magidanci zai ɗebi iyalinsa ranar hutu su je su dawo kafin dare. Shi ya sa a shekara sukan karɓi ziyara sama da miliyan 800, fiye da ninki biyu na abin da gandayen tarayya ke samu. Duk da haka abin da jihohi ke kashe musu bai kai kashi 1 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ba.

To me ya sa abin da ke cin kuɗi kaɗan haka yake zama na farko da wuƙa ke hawa? Kusan kowace jiha a Amurka doka ta wajabta mata daidaita kasafinta, ba ta da ikon cin bashi don biyan albashi yadda gwamnatin tarayya ke yi. Idan tattalin arziki ya karye, kamar yadda ya faru a 2008, kuɗin shiga ya ragu, dole a yanke wani abu a shekarar. Makarantu suna da iyaye da ƙungiyar malamai. Kiwon lafiyar marasa ƙarfi yana da dokokin tarayya da suka ɗaure hannun jiha. Gidajen yari ba a buɗe su a ce kowa ya kama gabansa. Shi kuwa daji ba ya zanga-zanga. Idan aka hana shi kuɗin gyara bana, ba abin da zai faɗi gobe da safe. Rufin ɗakin baƙi zai fara yoyo a hankali, bututun ruwa zai yi tsatsa a ƙarƙashin ƙasa inda ido ba ya gani, gadar katako za ta ruɓe daga ciki. Ɗan majalisar da ya yanke kuɗin ya gama wa'adinsa ya tafi kafin ɓarnar ta fito fili. Kuma yawancin gine-ginen nan tsofaffi ne: matasan da gwamnatin Franklin Roosevelt ta ɗauka aikin raya karkara tsakanin 1933 da 1942 su ne suka gina ko suka inganta gandayen jihohi wajen 800. Abin da aka gina da dutse da katako shekara tamanin da wani abu da suka wuce, kowace damina sai ya nemi hannu. A Kalifoniya kaɗai, gyaran da aka yi ta ɗagewa ya haura dala biliyan 1.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin 'yan siyasa ita ce gandu ya ciyar da kansa, wanda ya shiga ya biya. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta, don kuɗin ƙofa da kuɗin kwana a sansani suna ɗaukar kaso mai tsoka na hidimar yau da kullum a jihohi da dama. Jihar Washinton ta gwada tafiya da wannan har ƙarshe. A 2011 ta fito da takardar shiga ta dala 30 a shekara, ko dala 10 a wuni, da niyyar janye hannun baitulmali daga gandayenta. Kuɗin da ya shigo ya gaza hasashe nesa ba kusa ba. Aka sallami ma'aikata, aka mayar da wasu na wucin gadi, daga baya majalisa ta dawo tana cike giɓin.

Dalilin gazawar a tsarin abin yake. A kowace jiha wurare ƙalilan ne ke kawo riba, galibi bakin ruwa da wuraren da ke kusa da manyan birane. Sauran an keɓe su ne don wani tsuntsu, ko wata fadama, ko wani kango mai tarihi, kuma ba za su taɓa tara jama'ar da za ta biya albashin mai gadinsu ba. Manajan da aka ce masa ya nemo abincinsa da kansa zai karkata ga abin da ke kawo kuɗi, ɗakunan haya da wuraren biki, ya bar aikin da ba a sayarwa, wato kashe gobarar daji, da korar mafarauta, da kula da ruwa. Sannan duk lokacin da aka ƙara kuɗin ƙofa, wanda ake fara kora shi ne talakan da ba shi da wani wurin hutawa sai nan. Ga kuma shekarar da gobara ko ambaliya ta tilasta rufe gandu: a lokacin ne kuɗin ƙofa ke ɗaukewa, a lokacin ne kuma aka fi buƙatar kuɗin gyara.

Jihar da, a ganina, ta fi kowa fahimtar lamarin ita ce Misuri, kuma a kanta nake so in daɗe. A farkon shekarun 1980 gandayenta sun lalace, tallafin tarayya ya ja baya. A daidai lokacin manoman jihar suna fama da zaizayar ƙasa, har Misuri ce ta biyu a duk Amurka wajen asarar ƙasar noma. Sai aka haɗa buƙatun biyu a takarda ɗaya. A 1984 aka kai wa masu zaɓe gyaran kundin tsarin mulkin jiha da ya ɗora harajin saye da sayarwa na kashi ɗaya bisa goma na kashi 1 cikin 100. A sauƙaƙe, wanda ya yi sayayyar dala 10 zai biya santi 1. Rabin abin da aka tara na gandaye da wuraren tarihi ne, rabi na taimaka wa manoma su tare zaizaya su kare ruwa. Da ƙyar ya tsallake, da tazarar da ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya biyo baya shi ne abin lura. An sake kai harajin gaban jama'a a 1988, da 1996, da 2006, da 2016, kowane karo suka amince, kuma a 2016 kusan kashi 80 cikin 100 ne suka ce a ci gaba. Wannan a jihar da ba a san mutanenta da son haraji ba. A wancan lokacin yana tara wajen dala miliyan 90 a shekara, kuma rabin da ke zuwa gandaye shi ke ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na kasafinsu. Shiga gandun jiha a Misuri kyauta ne. Da yayyafi kogi kan cika.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka ba shi wannan ƙarfi, kuma ba na jin ɗaya zai yi aiki ba tare da sauran ba. Kuɗin kaɗan ne ƙwarai a kan kowane mutum, ba wanda ke jin zafinsa a kanti. Yana cikin kundin tsarin mulki, saboda haka majalisa ba ta da ikon karkatar da shi ranar da ta shiga matsi. Kaso ne na ciniki, ba adadi tsayayye ba, don haka idan farashin kaya ya tashi shi ma yana tashi, ba sai an je ana roƙon majalisa ta ƙara ba. Ya haɗa ɗan birni mai son wurin hutawa da manomin karkara mai son gonarsa ta tsira, mutanen da a siyasar Amurka ba kasafai suke tsayawa layi ɗaya ba. Na ƙarshe, wanda mutane suka fi rainawa, shi ne wa'adin. Doka ta ce duk shekara goma a mayar da shi gaban masu zaɓe. Wasu masu kishin gandaye suna ganin wannan rauni ne, sun fi son a ce na har abada. Ni ina ganin nan ƙarfinsa yake. Hukumar da ta san ranar hisabi na zuwa dole ta nuna wa kowace ƙaramar hukuma abin da aka yi da kuɗinta: ga famfon da aka gyara, ga hanyar da aka shimfiɗa, ga gonakin da aka yi wa shinge. Jami'in Misuri ba shi da dalilin ɓoye rara irin na takwaransa na Kalifoniya, don ba wanda zai ƙwace ta, kuma yana da dalili babba na bayyana ta.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Harajin saye da sayarwa ya fi danne mai ƙaramin ƙarfi, domin shi ne ke kashe duk abin da ya samu a kanti, kuma a Misuri har a kan kayan abinci ana karɓar wannan ɗan kason. Abin da ya sa na iya karɓarsa shi ne buɗe ƙofar da aka yi kyauta. Da a ce an karɓi harajin kuma aka sa kuɗin ƙofa mai tsada, da an zalunci talaka sau biyu.

Wasu jihohin sun bi sawu. Arkansas ta yi nata a 1996. Minesota a 2008, ana tsakiyar karyewar tattalin arziki, ta amince da ƙarin haraji na shekara 25, aka ware wa gandaye da hanyoyin tafiya a ƙasa kashi 14.25 cikin 100 na abin da zai tara. Kolorado tun 1992 da Oregon tun 1998 sun ɗora nasu a kan ribar cacar da gwamnati ke gudanarwa. Wannan hanya ba ta kwanta mini ba, ko da an ajiye hukuncin addini a gefe, domin yawancin masu sayen tikitin caca marasa ƙarfi ne da ke neman mafita, kuma gwamnatin da ta jingina da kuɗinsu ta zama mai son su ci gaba da yin asara.

Sai dai keɓe kuɗi da sunan gandu ba shi ne isarsa gandu ba, kuma a nan ne masu fafutuka da yawa suka sha mamaki. A 1990 mutanen Arizona da kansu suka kafa asusun kare wuraren tarihi da muhalli ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, wanda ke ba gandayen jiha har dala miliyan 10 a shekara. Amma dokar talakawa ce, ba ta shiga kundin tsarin mulki ba, kuma kariyar da jihar ta yi wa dokokin da jama'a suka kafa ta zo ne a 1998, ba ta waiwayi na baya ba. Da matsin 2009 da 2010 ya zo, majalisa ta kwashe asusun gandayen, ta soke kasonsu daga dokar ɗungurungum. A watan Janairun 2010 hukumar ta yanke shawarar rufe wurare 13. Ƙananan garuruwan da ke rayuwa da baƙin da gandayen ke kawowa su ne suka yi karo-karo suka hana wasu rufuwa.

Labarin Teksas ya fi wannan tsawo. A 1993 majalisarta ta ce kason harajin da ake samu daga cinikin kayan wasanni da na fita daji, kekuna da tantuna da kayan kamun kifi, a ba gandaye. Ba sabon haraji ba ne, yanki ne na wanda ake karɓa tun da. Amma sai majalisa ta amince kowane zango kafin kuɗin ya fita, kuma shekaru da yawa ta ɗaure shi a dala miliyan 32. Tsakanin 1993 da 2017 an tara wajen dala biliyan 2.5 da wannan suna, abin da ya isa gandaye bai wuce kashi 40 cikin 100 ba. Sauran an yi amfani da shi wajen daidaita kasafi. Shekara 26 aka yi ana jan wannan igiya kafin a kai maganar ga jama'a a Nuwamban 2019, kashi 88 cikin 100 suka ce a rubuta a kundin tsarin mulki kuɗin ya riƙa tafiya kai tsaye. A 2023 suka ƙara amincewa da asusun dala biliyan 1 don sayen filayen sababbin gandaye. A wannan shekarar ce kuma jihar ta rasa gandun tafkin Fairfield, wanda ta yi kusan shekara hamsin tana gudanarwa a kan filin haya, mai filin ya sayar wa mai gina gidajen alfarma. A jihar da wajen kashi 95 cikin 100 na ƙasarta ke hannun masu zaman kansu, rashin kuɗin saye a ranar da ake sayarwa asara ce da ba ta dawowa.

Akwai wata dabarar da ta fi kwashewa wuyar kamawa. Majalisa ba ta taɓa asusun da aka keɓe, sai ta janye daidai adadinsa daga abin da take bayarwa a da. A takarda an cika alkawari, a ƙasa gandu yana nan inda yake. Masu rubuta gyaran Minesota sun hango wannan, suka sa a cikin nassin cewa sabon kuɗin ƙari ne a kan hanyoyin da aka saba, ba madadinsu ba. Ko da hakan, tabbatar da shi aiki ne, don ba wanda zai iya rantsewa a kan abin da majalisa za ta bayar da asusun bai wanzu ba.

Masu adawa da keɓe kuɗi suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Suna cewa an zaɓi 'yan majalisa ne don su auna buƙatu su fifita wata a kan wata, kuma idan kowane ɓangare ya killace nasa kason a kundin tsarin mulki, ranar da annoba ko yunwa ta zo ba abin da ya rage a juya. Gaskiya ne, kuma da a ce ana maganar kashi 10 ko 20 cikin 100 na kasafi ne da na tsaya tare da su. Amma kason gandaye ƙanƙane ne, kwashe shi ba ya ceto makarantu ko asibitoci, ɓarnar da rashinsa ke yi kuwa ta shekaru ce. Itacen da ya ƙone saboda ba mai gadi, kasafin baɗi ba zai tsirar da shi ba.

Wata hanyar da ta yaɗu ita ce ta takardun mota. A 2010 Kalifoniya ta nemi a ɗora dala 18 tilas a kan sabunta takardun kowace mota, a buɗe wa 'yan jiha ƙofa kyauta, masu zaɓe suka ƙi da wajen kashi 57 cikin 100. Montana kuwa tun 2004 ta sa dala 4 a cikin takardar, ta bar wa wanda ba ya so damar ya ce a cire masa. Mafi yawa ba sa cirewa. Mishigan ta juya abin a 2010, sai wanda ya ce a sa masa ake sa wa, a lokacin dala 10. Kolorado ta ɗauki salon Montana a 2023 da dala 29. Bambancin tilas da zaɓi ya yi tasiri, haka ma bambancin wanda sai ya nema da wanda sai ya ƙi. Raunin hanyar shi ne adadi tsayayye ne, tsadar rayuwa tana cin sa, shi ya sa Montana ta koma majalisa ta ɗaga shi zuwa dala 6, daga baya 9.

Mishigan tana da wani abin da ya fi wannan zurfi. A shekarun 1970 aka yi ta jayayya kan haƙar mai a dajin gwamnati na yankin kogin Pigeon. Sulhun da aka cimma a 1976 shi ne a yarda a haƙa, amma kuɗin da kamfanoni ke biyan jiha a kan mai da iskar gas da ma'adinan filayen gwamnati ya shiga asusu na musamman don sayen fili da gina wuraren shaƙatawa na jama'a. Majalisa ta yi ta tsoma hannu a ciki, har a 1984 masu zaɓe suka shigar da shi kundin tsarin mulki. A 2011 uwar kuɗin ta kai dala miliyan 500, iyakar da aka yanka mata, daga nan asusun yake rayuwa da ribar jarinsa, sabon kuɗin mai kuma ya koma wani asusun da aka kafa wa gandayen jiha a 1994. Abin da asusun farko ya raba tun kafuwarsa ya haura dala biliyan 1. Duk wanda ya san waƙafi ya gane wannan nan take: a tsare asali, a ci amfani. Man da ke ƙarƙashin ƙasa zai ƙare wata rana, sai aka mayar da shi dukiyar da ba ta ƙarewa, maimakon a cinye shi a albashin shekara guda.

Gwamnatin tarayya ma tana da irin wannan, asusun kiyaye ƙasa da ruwa da aka kafa a 1964, wanda ke samun kuɗi daga haƙar mai a teku. Doka ta ba shi dala miliyan 900 a shekara, amma shekaru da yawa majalisa ba ta sakin cikakken adadin, sai a 2020 aka wajabta. Jihar da ke son kasonta dole ta kawo rabin kuɗin aikin daga aljihunta. Kuma kuɗin na saye da gini ne, ba na albashi ba. A nan akwai tarkon da ya kama jihohi da dama. Kuɗin gini yana da sauƙin samu, don akwai ranar buɗewa, akwai hoto, akwai allo mai sunan gwamna. Kuɗin mai share bayan gida da mai sintiri da dare ba shi da biki. Kowane sabon gandu da aka buɗe baki ne da aka ƙara a gida, kuma zai ci abinci kowace rana har illa ma sha Allahu. Jihar da ta karɓi kuɗin gini ba ta tanadi na riƙo ba, bashi ta ci wa 'ya'yanta.

Abin da ya sa wannan magana ta dame ni shi ne mu ma muna da gandun jiha, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 a ƙasar Alkaleri, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. A 1991 ya koma hannun tarayya, a 2006 aka mayar wa jihar Bauchi. Tun daga ranar, albashin masu gadinsa, da man motar sintiri, da gyaran ɗakunan baƙi na sansanin Wikki, sun shiga layi ɗaya da makarantu da asibitoci da hanyoyi, a jihar da ke jiran kason wata-wata daga Abuja. A cikinsa akwai ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe da suka rage a Najeriya. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga yarjejeniya da jihar a 2014 tana taimaka wa sintiri, kuma taimakon ya yi amfani, amma kuɗin mai ba da agaji yana da ranar ƙarewa. Mun kuma ga abin da Amurkawa ba su gani ba. A can gandun da aka yi sakaci da shi rufinsa ke yoyo. A nan, Sambisa gandun namun daji ne kafin ya zama sunan da ake faɗa da fargaba, kuma mutanen Birnin Gwari sun san abin da dajin Kamuku ya koma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba za a kwafo Misuri a dasa a Bauchi ba. Jihohinmu ba su da kundin tsarin mulki nasu, ba a kai dokar haraji gaban masu zaɓe, harajin kayayyaki kuma tarayya ke karɓa ta raba. Amma keɓe kuɗi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993 shi ya gina yawancin sababbin azuzuwan da ke jami'o'inmu, kuma mun ga ɗaya fuskar a kuɗin ilimin bai ɗaya, inda kason jihohi kan kwanta a Abuja saboda ba su kawo nasu rabin ba. Sabunta takardun mota a hannun jiha yake. Jihohi suna karɓar kaso daga asusun kula da muhalli. An kuma ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani a 2022, a kan iyakar Bauchi da Gombe, a ƙasar Alkalerin da Yankari yake. Majalisar dokokin Bauchi tana da ikon yin dokar da za ta ce kuɗin ƙofar Yankari ya zauna a asusun Yankari, a yanka masa ƙayyadadden kaso daga kuɗin muhalli da duk abin da mai zai kawo wa jihar nan gaba, a ba ƙauyukan da giwaye ke cinye wa amfanin gona kujera a kwamitin da ke riƙe asusun, a kuma liƙa lissafin shiga da fita duk wata uku a babbar ƙofar shiga da sakatariyar Alkaleri, inda manomi da mai gadi za su tsaya su karanta.